Kafaɗar Inna

Har gashinta ya yi fari fat, mahaifiyata ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Ko ƙwaryar tsaba ce za ta kai niƙa, a kafaɗa take ɗauka. Mu Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma haka matanmu suka gada: a aza ƙatuwar ƙwarya a bayan wuya ta jingina da kafaɗa, a jera mata doya ko itace har ya zarce tsayin mai ɗaukar, a tallafe da hannu ɗaya a kama hanya. In ka tambayi Inna dalili, sai ta yi maka kallon wanda ya tambayi me ya sa ake cin tuwo da dama. Takan ce kai yana ɗauke da tunanin mutum tun daga asuba har a kwanta, rashin imani ne a ƙara masa doya.

Babban abin taƙamarta shi ne ba ta taɓa cewa kowa ya ɗora mata ko ya sauke ta ba. Mai ɗauka a ka dole ta tsaya a bakin rafi tana rarraba ido, tana jiran wani ya zo wucewa ta ce don Allah kama mini. Inna kuwa kututture take nema ko dutse, ta ɗora ƙwaryar ta shirya kayanta, ta durƙusa ta cusa kafaɗa ta miƙe. In ta iso gida ta juya wa dakali baya ta zame kayan. Tun ina yarinya nake jin tana yi wa ƙawarta tsiya a kan wannan. Ƙawar tata Bafulatana ce mai tallar nono, rugarsu na gefen gonarmu, mu kuma Goggo muke ce mata. Inna takan ce, "Ke dai in babu mutane a hanya sai ki kwana da ƙwarya a ka." Goggo ta ce, "Ke kuma wuyanki ya karkace kamar ƙotar fartanya." Su yi ta dariya, a auna nono a ba da doya.

Ni kam tun da aure ya kawo ni cikin Birnin Gwari na koma ɗauka a ka. Ba wani dogon labari ba ne. Ina amarya na tafi rijiyar unguwa da bokiti a kafaɗa, matan da ke wurin suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki, yara suka biyo ni suna "Bagwariya, Bagwariya". A garin da ke amsa sunanmu fa! Na dawo gida ina huci, washegari na naɗa gammo kamar kowa. Mijina Bahaushe ne, mutumin kirki, bai ce in bari ba, bai kuma ce in ci gaba ba. Na sayi keken ɗinki na zauna, na haifi 'ya mace, ta tashi ba ta jin yarenmu sai gaisuwa da zagi. Inna ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Abin da take cewa kawai duk zuwan da za ta yi shi ne, "Ke kin tafi, na sallama ki. Amma wannan tawa ce, sai na ga ƙwarya ta zauna a kafaɗarta kafin in mutu." Yarinyar takan ce, "Tsohuwa, so kike in karkace kamar ke?" Inna ta kai mata duka, ta goce tana dariya.

Ƙauyenmu yana can bayan Gayam, a bakin daji. A shekarar da zan ba da labarinta, Baba ya gama tara ƙasa ya shuka doyarsa, ruwa ya zauna, ganye ya fara hawa sanda, sai mutanen daji suka shigo da rana tsaka a kan babura. Haka muke kiransu, mutanen daji, don ko kalmar 'yan bindiga ba ma son a ji a bakinmu. Sun daɗe suna riƙe da ƙauyenmu a zuci, saboda samarinmu sun taɓa yin sa-kai sun tare musu hanya, alhali ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu sun yi sulhu da su, ana barinsu su yi noma. A gona suka sami Baba. Allah ya jiƙansa. Ban ga gawarsa ba, maza ne suka binne shi a gurguje kafin kowa ya watse. Inna ta iso gidana ƙafafu a kumbure, ƙwarya a kafaɗa, a ciki tukunya da zannuwa da fartanyar Baba. Sai da ta juya wa dakalin ƙofar ɗakina baya ta zame kayan, sannan ta zauna ta fara kuka.

A ɗakin da nake ɗinki ta yi takaba. Sauran mutanenmu, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, suka cika ajujuwan wata makarantar firamare, wasu a kangaye, wasu suka wuce Kaduna ko Neja inda suke da dangi. Goggo ma ba ta tsira ba. Mutanen dajin nan sun kore musu shanu tas, suka dawo bayan gari suka kafa bukka, a cikin gari kuma ana yi musu kallon su ne ɓarayin. Takan zo da la'asar ta zauna wajen Inna, babu nono babu doya.

Inna na gab da fita takaba ƙanena ya zo daga Kaduna. Shi ne autanmu, ya yi karatu, yana koyarwa a can, kuma tun yana yaro in ya ƙulla abu a ransa sai ya yi. Ya zauna a kan tulin yadina ya ce shi da wasu samarinmu sun yanke shawarar shirya ranar al'ada. A filin makarantar da mutanenmu ke kwana za a yi, da kiɗa da rawa, a gayyato manya, 'yan mata su shigo a jere da ƙwarya a kafaɗa kamar yadda ake shigo da sabuwar doya dandali a gida.

Na tsayar da keke na dube shi. Na ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Ƙasar kabarin Baba ba ta gama kwanciya ba, mutane na kwana a kan siminti, yara na fama da zazzaɓi, kai kuma ganga ce ta dame ka?"

Ya ce, "Yaya, ki saurare ni. Kina jin rediyo. In an yi maganar abin da ke faruwa a nan, me ake cewa? Manoma Hausawa, makiyaya Fulani. Mu fa? Ko a cikin waɗanda aka kashe ba a ambatonmu. An kore mu daga ƙasarmu, yanzu kuma mun shigo gari muna narkewa kamar gishiri a miya. Ga 'yarki nan, ce mata ta yi ƙirge da yarenmu ki ji."

Na ce, "Kada ka sako mini 'ya a ciki. Rawa ce za ta koya mata ƙirge? Ka tara mu a fili mutanen gari su zo kallo kamar an kawo wasan kura, wasu su ce mun koma tsafi, masu kai rahoto daji su ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya. In an tashi kowa ya kwashe kujerarsa, mu koma kan siminti. Wallahi in ka ga an tara jama'a don a nuna yadda mutane ke ɗaukar kaya, to sun daina ɗauka."

Ya ce, "To sai mu yi shiru mu ɓace?"

Mijina da ke alwala a bakin ƙofa ya sa baki ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, ai yanzu duk an zama ɗaya. Na ce masa i mana, an zama ɗaya, amma ɗayan naku ne. Na ja tsaki na ci gaba da taka keke. Sai muka ji muryar Inna daga bayan labule, da yarenmu, don da shi take yi mana magana. Ta ce, "Auta, 'yan matan da za su ɗauki ƙwaryar, wa zai koya musu?" Ya ce ai ita ce. Ta ce, "Da tawa a ciki?" Ya ce ita ce ma a gaba. Tun rasuwar Baba ban ji ta tambayi wani abu ba sai ran nan. Na san an gama da ni.

Da ta fita takaba tsakar gidana ya zama makaranta. 'Yan mata su zo da yamma daga ajujuwan da suke kwana, kowace da ƙwaryar aro. Abin haushi, har 'yan ƙauyen da yawa ba su iya ba, don su ma sun fara jin kunyar abin tun kafin gudu. Ƙwarya ta yi ta zamewa tana faɗuwa, wasu har suka fashe. Inna ta ce ba laifinsu ba ne, ƙwaryar da babu komai a ciki ba ta zama, nauyi ne ke kwantar da ita a mazauninta. Ta sa aka zuba musu yashi da duwatsu. 'Yata ta shiga abin ne da wasa, tana yi tana kwaikwayon tafiyar kakarta don a yi dariya, sai ga shi ta fi kowa. Ranar da ta zagaye tsakar gida ta saki hannu ƙwarya ba ta motsa ba, Inna ta juya fuska bango tana share ido da bakin zane, wai hayaƙi ne. Ko wuta ba a hura ba a gidan. Ni kuma aka jibge mini ɗinkin kayan da za su sa, ina yi ina mita.

Rigimar ta taso ne a kan abin da za a zuba a ƙwarya ran taro. Ƙanena ya ce za a sayo doya a kasuwa, irin wadda ake kawowa daga Neja, manya-manya masu kyau a hoto. Inna ta ce a'a. A gida ba a cin sabuwar doya sai an shigo da ta farko dandali, kuma ta gonarka ce kake kawowa, matar gida ta ɗauko ta da kanta, tsofaffi su karɓa su yi addu'a, sannan kowa ya je ya ɗora tukunya. Doyar kasuwa wa ya san gumin wa ne? A kan me za a ce wa Allah an gode? Ya ce, "Inna, ai nuni ne kawai." Ta ce, "To in nuni ne ku bar yashin a ciki." Ya yi dariya, ya zaci wasa take. Ni ban yi dariya ba, don na ga inda idonta ya tafi. Fartanyar Baba tana jingine a bayan ƙofa.

Na ce, "Inna, na roƙe ki da girman Allah, ko da wasa kada ki sa wannan a ranki. Mun ba daji mutum ɗaya, ya isa." Ta ce, "Wa ya ce miki zan je wani wuri?" Ta ɗauki tsintsiya ta hau shara.

Ana saura 'yan kwanaki taro, na fito sallar asuba na tarar da tabarmarta a naɗe. Babu ƙwarya, babu fartanya. Na zari mayafi na nufi bayan gari, bukkar Goggo, jikokinta suka ce ita ma ta fita tun da sauran duhu. Na dawo na kira ƙanena a waya na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce in wani abu ya sami tsohuwar nan, ya kwaso gangunansa ya zo ya buga a kan kabarinta. Yana ta "Yaya, Yaya", na kashe wayar. Mijina ya je tasha ya tambaya, aka ce an ga tsofaffi mata sun shiga a-kori-kura mai zuwa wajen Gayam. Daga nan babu wanda zai bi su, babu kuma ɗan wanda zan ce ya bi su. Wunin nan ba na son tuna shi. Na zauna a gaban keke na ɗinke hannun riga a wuya, na farke, na sake ɗinke shi a wuya.

Washegari bayan la'asar ina tsakar gida na ji sallamar Goggo. Na ɗaga kai. Goggo ce a gaba. A bayanta wata tsohuwa ce da ƙwarya a ka, ta riƙe ta da hannu biyu kamar yarinyar da aka fara aika rijiya, wuyanta na rawa. Wallahi tallahi sai da na kalle ta na sake kallo kafin na gane uwata ce. Ta zo har gaban dakalin da ta saba juya wa baya, ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta ce da ni a hankali, "Sauke ni."

Na kama ƙwaryar na sauke ta. Gammon ya faɗo ƙasa, ɗankwalin Goggo ne aka naɗe. Inna ta shige ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Doyar kuwa, kaico. Gonar da ba a yi wa noma ba, ciyawa ta shanye ta, wani wurin an tone, wani wurin gafiya ta ci. Abin da ta samo 'yan sirara ne kamar damtsen yaro, ko kyauta aka ba ka a kasuwa sai ka yi tunani. Amma hannun Baba ne ya binne irinsu.

Goggo ce ta ba ni labari a bakin murhu, tana shan ruwa tana hutawa. Ta ce Inna ta same ta tun kwanaki ta ce da rakiya ko babu za ta je, shi ya sa ta bi ta. Sun kwana a ƙauyen maƙwabtanmu masu sulhu, da safe suka bi ayarin matan garin masu zuwa gona, sannan suka ratse zuwa tamu. Zuwa ba matsala, don Goggo ta karɓi ƙwaryar ta kifa a kanta. Dawowa ce aiki. Mutanen daji suna zama a gindin wata ɗorawa a mashigin rafi, kuma duk yankin nan kowa ya san matan ƙauye ɗaya ne ke ɗauka a kafaɗa. Tun kafin a ga fuskarta za a san ko daga ina take. Goggo ta ce ta bari ita ta ɗauko mata, Inna ta ce doyar farko ba a ba baƙo. Goggo ta ce, "To ƙawa, ko ki ɗora a ka, ko ki bar ta a nan, ko ki jawo mana mutuwa, ni da ke da matan nan da suka rufa mana asiri."

Ta ce Inna ta daɗe a tsaye a tsakiyar gonar tana kallon ƙwaryar. Sannan ta ce, "Naɗa mini abin." Goggo ta cire ɗankwalinta ta naɗa gammo, ta ɗora mata da hannunta. Ta ce da ni, "'Yar nan, shekara da shekaru ina yi mata tsiya ina cewa wata rana sai na ɗora mata kaya a ka. Da na san haka ranar za ta zo da na kama bakina."

A mashigin rafi aka tsayar da su. Yara ne, in ji Goggo, wasu ko gemu ba su fara ba, bindiga a rataye. Suka tambayi daga ina. Goggo ta amsa da Fulatanci, ta ambaci ƙauyen sulhu. Ɗaya ya nuna Inna ya ce wannan fa, ba ta gaisuwa ne? Ita kuwa Hausar Inna, da ta buɗe baki an san ko wace ce. Goggo ta ce kurma ce, ba ta ji ba ta magana. Yaron ya matso ya yi mata ihu a kunne don ya gwada, Inna ko ƙiftawa ba ta yi ba. Suka yi dariyar yadda ta rungume ƙwarya, ɗaya ya zari doya ya ce ta gashi ce, suka ce su wuce.

Na ce, "To da kuka fito daji fa, Goggo? Da kuka sauka a tasha? Me ya hana ta mayar kafaɗa?" Ta ce ta faɗa mata, Inna ta ce Allah da take jin kunyarsa ya riga ya gani, ba mutanen tasha ne za ta yi wa ƙarya ba. Goggo ce ta sake ɗora mata.

Ranar taro ta zo. Ba zan ce ba a yi ba, an yi. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, lasifika na ta ƙara. Manyan da aka gayyato daga Kaduna ba su zo ba, an ce hanya ba kyau, sai aka cika kujerun gaba da duk wanda ya sa babbar riga. Mutanen gari sun zo kallo, wasu da zuciya ɗaya, maƙwabciyata har da kawo zoɓo a bokiti ta raba kyauta, wasu samari kuma a kan katanga suna kwaikwayon Hausarmu. Tsofaffinmu suka fito daga ajujuwa, shanyarsu na rataye a tagogi a bayansu. Da aka buga ganga na ga wani dattijo da ya rasa 'ya'yansa maza ya tashi ya taka, yana rawa hawaye na bin gemunsa. A lokacin na ce a raina wataƙila yaron nan yana da gaskiya. Ƙanena ya fara jawabi da yarenmu, ya ga yaranmu suna kallon juna, ya koma Hausa.

Sai 'yan mata suka shigo a jere cikin kayan da na ɗinka. 'Yata a gaba, ƙwaryar Inna a kafaɗa, 'yan doyoyin Baba a ciki, sauran na biye da doyar kasuwa. Ta saki hannu tana tafiya kai a miƙe, ko ni da na haife ta sai da ta burge ni. Aka yi ta tafi, aka ɗaga wayoyi. Mai magana a lasifika ya ce yanzu uwar da ta koya musu za ta fito ta karɓi doyar farko, matar da tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗora kaya a ka ba. Ƙanena ne ya faɗa masa haka tun kafin abin ya faru, bai kuma koma ya gyara ba. Aka yi ta waige-waige. Kujerarta na nan babu kowa. Tun da safe na yi juyin duniya ta ce ba ta zuwa, wuyanta na ciwo. 'Yata ta tsaya a tsakiyar fili da kaya tana neman kakarta da ido, har dai wani tsoho ya tashi ya karɓa.

Kafin la'asar masu kujeru sun kwashe abinsu, mutanenmu suka koma ajujuwa. Hoton taron ya yi yawo a waya, ƙanena yana ta turo mini abin da mutane ke cewa, wai al'ada mai kyau, wai kada a bari ta ɓace. Na daka doyar Baba na yi sakwara 'yar mitsitsiya na kai wa Inna. Ta ɗan taɓa ta ture kwanon.

Har yanzu da nake wannan rubutu babu wanda ya koma gida a cikinmu. Ƙanena yana shirya wani taron bana, ya turo yadi, kuma zan ɗinka. Na daina yi masa faɗa. Dattijon da ya yi rawa ya rasu a ajin da yake kwana, ina cewa a raina aƙalla ya yi rawar. In an tambaye ni ko muna bukatar irin wannan taro sai in ce i, muna bukata, kamar yadda mara lafiyar da likita ya ce a mayar da shi gida yake bukatar a zo gaishe shi. Ana zuwa, yana jin daɗi, ciwon kuma yana nan yana cinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan taron da 'yan kwanaki. 'Yata ta ɗauki abin da gaske. Ta ce ita daga yau a kafaɗa za ta riƙa ɗauka, duk mai dariya ya yi. Ta je rijiyar unguwa, wadda aka kore ni da dariya ina amarya, ta dawo da bokiti a kafaɗa ko ɗigo bai zuba ba, 'ya'yan waɗancan matan na biye da ita suna tsokana, ita ko a jikinta. Ta shigo tana kira, "Tsohuwa, fito ki ga jikarki! Yau wa ya karkace?" Abin da Inna ta yi shekaru tana roƙo ke nan.

Inna ta fito tana dafa bango. Ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Na zaci guɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ajiye." Yarinyar ta juya wa dakali baya ta zame bokitin, daidai yadda aka koya mata. Inna ta kwance ɗankwalinta ta zauna, ta hau naɗa shi a hannu a hankali, don ba ta ƙware ba, yana warwarewa tana sakewa. Da ya zama gammo ta miƙa mata.

'Yata ta yi dariya ta ce, "Kaka, wasa kike?"

Ta ce, "A fili, ran taro, in kawunki ya kira ki, ki ɗauka a kafaɗa su yi tafi. Amma a hanya wannan za ki sa. Daga nesa ake gane mu."

Yarinyar ta juyo ta dube ni ko zan ce wani abu. Inna ta ɗora mata gammon a ka ta daidaita shi da tafin hannu, sannan ta kama bakin bokitin ta ce da ni, "Ke, zo kama mana."